Tarihin Koyar da Masu Lamba da Masu Allurar Rigakafi a Ƙasar Hausa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a bi sawun yadda aka yi ta koyar da mutanen da ke yi wa jama'a rigakafin cututtuka a ƙasar Hausa, tun daga zamanin lambar agana har zuwa ɗigon shan-inna. An yi rubuce-rubuce da yawa a kan magungunan kansu, da sunayen masanan da suka ƙago su, amma ba a cika kula da mutumin da ke tsaye a ƙofar gidan dagaci da allura a hannu ba, alhali kuwa shi ne wanda talaka ya sani. Abin da mu ke so mu nuna shi ne, aikin mutumin nan kashi uku ne: akwai na hannu, watau iya yin lamba ko allura, akwai na ido, watau sanin ko magani yana da rai, ko ya kama, da gano inda cuta ta ɓuya, akwai kuma na harshe, watau iya yi wa mutane bayani har su yarda. Na hannu kullum sauƙi ya ke ƙarawa, na ido an koye shi da wahala, na harshe kuwa shi aka bari a baya, har sai da rashinsa ya jawo hasara babba.

Kafin zuwan lamba

Agana tsohuwar cuta ce, kuma malaman Musulunci sun daɗe da saninta. Abubakar Ar-Razi, likitan Bagadaza wanda ya rasu wajen shekara ta 925, ya wallafa littafi musamman a kan agana da ƙyanda, inda ya bambanta su da kyau, har Turawa suka juya shi zuwa Latin suka yi ta karantawa ɗaruruwan shekaru. A ƙasar Hausa kuwa sunayen cutar kaɗai sun isa shaida. Ana ce mata agana, ana kuma sakaya ta a ce 'yan rani, domin da rani ta kan fi yaɗuwa. Tabon da ta kan bari a fuska shi ne zanzana. Kowa ya san cewa wanda ya yi ta ya tashi ba ya sake yi, kuma wannan sanin shi ne tushen rigakafi duka.

Bisa ga wannan sani ne mutane a wurare da yawa na Afirka, da Hindu, da Sin, da ƙasar Turkawa, suka riƙa ɗibar ruwan ƙurjin mai agana su tsaga fatar mai lafiya kaɗan su shafa masa. Wanda aka yi wa haka ya kan yi cutar, amma galibi da sauƙi. Eugenia Herbert ta tattara shaidun wannan al'ada a Afirka cikin wata maƙala ta 1975, ta nuna yadda ta yaɗu a Afirka ta Yamma tun kafin mulkin Turawa. Har ma wani bawa ɗan Afirka da aka sa wa suna Onesimus shi ne ya bayyana wa Cotton Mather ita a birnin Boston na Amurka, kuma sa'ad da annoba ta faɗa wa birnin cikin 1721 aka gwada, aka ga cikin waɗanda suka kamu da kansu wajen mutum 14 cikin 100 sun mutu, cikin waɗanda aka tsaga wa kuwa wajen 2 cikin 100.

Wannan sana'a ba a makaranta a ke koyonta ba, a wurin mai ita a ke gani a ɗauka. Tana da aibi babba, domin wanda aka tsaga wa agana ce ta gaske ya ke ɗauke da ita, yana iya harbin maƙwabtansa. Amma tana da abu guda wanda magadanta suka daɗe ba su samu ba: mai yin ta ɗan gari ne, an san gidansu, kuma mutane su ke zuwa nemansa.

Maganin Jenner da wahalar kai shi ƙasa mai zafi

Cikin 1796 Edward Jenner, wani likitan ƙauye a Ingila, ya ɗebi ruwan ƙurjin wata cutar shanu daga hannun wata mai tatsar nono ya sa wa wani yaro, daga baya ya gwada yaron da agana bai kamu ba. Ya buga sakamakon bincikensa cikin 1798. Fifikon wannan hanya a fili ya ke, gama cutar shanun ƙurji ɗaya ta kan yi a inda aka sa ta, ba ta kuma yaɗa agana.

Tun daga farko aka ga cewa kai maganin nesa da koyar da masu yin sa abu ɗaya ne. Cikin 1803 Sarkin Sifen ya aiki likita Francisco Balmis zuwa ƙasashen da ya ke mulki a Amurka. Da ya ke babu hanyar adana maganin a tafiyar teku, sai aka ɗauki yara marayu 22, ana sa wa biyu, in ƙurjinsu ya nuna a ɗiba a sa wa biyu na gaba, har aka ƙetare. Inda ayarin ya sauka ya kan koya wa likitocin wurin, ya kafa majalisar da za ta ci gaba da aikin bayan ya wuce.

A ƙasarmu abokin gāban maganin shi ne zafi. Ruwan lamba abu ne mai rai, kwana kaɗan cikin zafin bazara ya isa ya kashe shi. Wanda aka ɗauko daga Ingila a jirgin ruwa, ya hau jirgin ƙasa daga Ikko zuwa Kano, sa'an nan ya bi kan ɗan dako zuwa ƙauye, sau da yawa kafin ya isa ya zama ruwan banza. Saboda haka aka riƙa haɗa shi da man ulun tumaki don ya ƙara jimiri, daga baya kuma aka kafa ɗakin yin magani a Yaba, wanda ya yi ta fitar da maganin agana da na shawara da na cizon mahaukacin kare tun daga wajen 1940 har aka rufe shi cikin 1991.

Makarantun zamanin En'e

Gwamnatin mulkin mallaka ta kafa dokar lamba cikin 1917, amma likitocinta kaɗan ne ƙwarai, kuma yawancinsu a bariki su ke. Ɗan Arewa na farko da ya zama cikakken likita, watau Dr. R. A. B. Dikko na Wusasa, a Birmingham ya yi karatunsa. Babu jami'a a Nijeriya sai cikin 1948 da aka buɗe ta Badun, Jami'ar Ahmadu Bello kuwa sai 1962, sashenta na koyon likita sai 1967. Don haka nauyin lamba bai taɓa zama a wuyan likita ba. Yana wuyan ƙananan ma'aikata ne na En'e: mai lamba, da malamin disfensare, da duba-gari. Domin irin waɗannan aka buɗe Makarantar Tsabta ta Kano cikin 1932, a Zariya kuma aka riƙa koyar da masu haɗa magani.

Abin da a ke koya wa mai lamba ba shi da yawa. Ya ƙona bakin 'yar wuƙarsa a wuta ya bari ta huce, ya ɗiga magani a dantse, ya karce fata ta cikin ɗigon ba tare da ya zurfafa har jini ya wanke maganin ba, ya sa mutum ya zauna a inuwa har wurin ya bushe. Sa'an nan ya rubuta a littafi. Ga ƙa'ida kuwa ya kamata ya komo bayan mako guda ya duba. In magani ya kama, bayan kwana uku ko huɗu wurin zai tasa, ya ɗuri ruwa, ya yi mugunya wajen kwana bakwai zuwa goma, ya yi ɓawo, ɓawon ya faɗi cikin mako uku ya bar tabo. Wannan tabon shi ne lambar, kuma shi ne shaida. In babu shi, ba a yi kome ba.

A nan ne tsarin ya yi rauni. Mutum ɗaya da a ka ba gunduma sukutum, yana yawo a ƙasa ko a kan keke, ba shi da halin komawa kowane ƙauye bayan mako. Abin da a ke tambayarsa a ofis kuwa yawan hannuwan da ya karce ne. To, in aka yi wa gari lamba da mataccen magani, baɗi agana ta zo ta kwashi waɗanda aka yi wa, wane ne zai sake miƙa hannun ɗansa? Mutanen da suka guje wa mai lamba ba duka ne suka guje shi don jahilci ba, waɗansu abin da idonsu ya gani suka bi.

Haka nan kuma hanyar tara mutane ba ta bukatar ma'aikaci ya iya magana. Umurni ya kan fito daga sarki zuwa hakimi, daga hakimi zuwa dagaci da mai unguwa, dogari yana tsaye. Ta wannan hanya ce kuma a ke ƙidayar haraji da jangali, saboda haka ba abin mamaki ba ne in talaka ya ga littafi da alƙalami ya tura 'ya'yansa cikin dawa. Ga shi kuma mai lamba namiji ne, ba ya wuce zaure, matan kulle da jariransu suna can ciki.

A ƙetaren iyaka, a ƙasar Nijar, Faransawa sun bi wata hanya dabam. Sun buɗe makarantar koyon likita ta 'yan Afirka a Dakar cikin 1918, sun dogara ga busasshen magani wanda ya fi jure zafi, kuma bisa koyarwar likita Eugène Jamot sun fi son ƙungiyoyi masu yawo daga gari zuwa gari, kowane ma'aikaci an hore shi a kan aiki guda har ya gwanance. Tun daga wajen 1940 suka riƙa haɗa maganin agana da na shawara a karce guda. Sun fi samun yawan mutane, ko da ya ke tilas ɗin da ke cikin aikinsu bai gaza na wannan ɓangare ba.

Shekarun kawar da agana

Abubuwa uku suka sāke aikin. Na farko, a farkon shekarun 1950 Leslie Collier na Cibiyar Lister a Ingila ya kyautata hanyar daskarar da magani a busar da shi, har ya zama yana iya yin wata guda cikin zafin digiri 37 bai lalace ba. Na biyu, wata na'ura mai kama da bindiga, wadda a ke taka ta da ƙafa ta harba magani cikin fata ba tare da allura ba, tana iya yi wa ɗaruruwan mutane cikin sa'a guda. Na uku, allura mai baki biyu wadda Benjamin Rubin ya ƙago cikin 1965. Ana tsoma ta cikin kwalba, ɗigo ɗaya ya maƙale tsakanin bakunan, a soka a dantse sau 15 da sauri har a ga ɗan alamar jini. Rubu'in maganin da a ke kashewa a dā ya ishe ta, ana dafa ta a sake aiki da ita, kuma wanda bai taɓa shiga aji ba ana iya koya masa cikin 'yan mintoci.

Cikin Janairu 1967 aka fara babban shirin kawar da agana da rage ƙyanda a ƙasashe 20 na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, da taimakon Amurka, a daidai lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙarfafa nata shirin ƙarƙashin D. A. Henderson. Nijeriya da Nijar duk suna ciki. Horon da aka ba ma'aikata wannan karo ya bambanta da na dā. An koya musu kwance na'ura da gyara ta a daji. An kuma ware wata ƙungiya dabam wadda ba ta yin lamba, aikinta ta bi bayan masu yi, ta shiga ƙauyuka ta duba dantsen mutane, ta ƙidaya nawa aka samu, nawa kuma maganin ya kama. Watau dai an daina gaskata littafi, an koma duba hannu.

Darasi mafi girma kuwa daga gabashin Nijeriya ya fito. Cikin Disamba 1966 agana ta ɓulla a yankin Ogoja, ga shi magani bai wadata ba. Likita William Foege da abokan aikinsa suka nemi labarin kowane ƙauye da cutar ta shiga ta hanyar rediyon 'yan mishan, suka yi wa mutanen gidajen masu cutar da maƙwabtansu lamba, da kasuwannin da su ke ci, sai annobar ta mutu tun ba a yi wa yawancin jama'a ba. Daga nan aka gane cewa neman inda cuta ta ke, a kewaye ta, ya fi bin mutane duka. Amma wannan dabara tana bukatar wani irin ma'aikaci sabo: wanda zai bambanta agana da ƙarambau, ya san cewa ƙurajen agana sun fi yawa a fuska da hannuwa da ƙafafu, har tafin hannu da na sawu, kuma tare su ke nuna, na ƙarambau kuwa sun fi yawa a gangar jiki, wani ya bushe wani yana fitowa. Yana kuma bukatar wanda zai zauna da mai unguwa, da malamin makaranta, da 'yan kasuwa, har su gaya masa gidan da a ke ɓoye mara lafiya. Cikin Mayu 1970 aka ga mai agana na ƙarshe a wannan yanki, a Nijeriya. Na ƙarshe a duniya da ya kamu ta hanyar yaɗuwa a gari an same shi a Somaliya cikin Oktoba 1977, aka kuma yi shelar ƙarewar cutar ran 8 ga Mayu 1980.

Daga cuta ɗaya zuwa shida

Cikin 1974 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa shirin rigakafin yara daga cututtuka shida: tarin fuka, da mashaƙo, da tarin shiƙa, da sarƙewar haƙora, da shan-inna, da ƙyanda. Nijeriya ta shiga a ƙarshen shekarun 1970, ta sake ɗaura ɗamara cikin 1984, aikin ya yi ƙarfi zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya ke Ministan Lafiya, daga 1985 zuwa 1992. A wannan tsakani ne makarantun koyon aikin lafiya na jihohi suka yawaita, suna fitar da ma'aikatan lafiyar karkara, maza da mata.

Karatun ya yi nauyi fiye da na mai lamba nesa. Dole ɗalibi ya san wane magani a ke sa wa cikin fata, wane ƙarƙashinta, wane cikin tsoka, wane a baki. Ya san jadawalin haihuwa, da mako 6, da 10, da 14, da wata 9. Ya san ajiye magani tsakanin digiri 2 da 8, da cewa waɗansu zafi ke kashe su, waɗansu kuwa ƙanƙara. Tun 1996 aka fara manna wa kwalbar maganin shan-inna wata 'yar alama mai sāke launi in zafi ya taɓa ta, ta yadda ma'aikaci zai san mataccen magani kafin ya ba yaro, abin da mai lamba na dā ba shi da hanyar sani sai bayan mako.

Sai dai akwai wani bambanci wanda manhaja ba ta yi saurin lura da shi ba. Lamba sau ɗaya a ke yi, tana barin tabo, kuma cutar da ta ke karewa kowa ya ga ɓarnarta a fuskar maƙwabcinsa. Sabon tsari kuwa yana bukatar uwa ta kawo lafiyayyen jariri sau biyar cikin shekara guda, ta jure zazzaɓin da ya kan biyo bayan allura, ta kuma komo. Dogari ba ya iya sa wannan. Sai wadda aka yi wa bayani ta gamsu.

Shekara ta 2003

Cikin 1996, lokacin babbar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan a kan yara wajen 200 a Kano. Yara 11 suka mutu cikin waɗanda gwajin ya shafa, aka yi ta shari'a shekara da shekaru a kan ko an nemi yardar iyaye yadda ya kamata. Trovan ba maganin rigakafi ba ne, amma wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu ya ke yi. Cikin 2003 zance ya bazu cewa ɗigon shan-inna yana ɗauke da abin hana haihuwa, waɗansu jihohin Arewa suka dakatar da shi. Kano ba ta komo ba sai Yuli 2004, bayan an yi gwaje-gwaje an kuma kawo magani daga Indunusiya. A sakamakon haka cutar ta tsallaka zuwa ƙasashe wajen 20 da suka riga suka rabu da ita, kuma cikin 2006 yaran da ta shanye a Nijeriya sun haura 1,000.

Tambayoyin da masu gida suka riƙa yi ba na wauta ba ne. Don me a ke biyo mu har gida da wannan kyauta, alhali in yaro yana zazzaɓin sauro sai mun saya? Don me a ke maimaitawa ba iyaka? Kowace tana da amsa. Shan-inna ba ta da magani in ta riga ta kama, kuma cuta ce da a ke iya kawar da ita daga duniya ɗungum kamar agana. Ɗigo kuwa a ƙasa mai zafi, inda gudawa ta yi yawa, ba ya kama kowane yaro a karo ɗaya, shi ya sa a ke maimaitawa. Amma yarinyar da aka ba horon yini ɗaya, aka rataya mata akwatin sanyi da alli, ba a ba ta amsoshin nan ba.

Gyaran da aka yi daga baya na harshe ne. Cikin 2009 sarakunan Arewa ƙarƙashin Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar suka kafa kwamiti na tallafa wa aikin. Aka ɗauki dubban mata daga cikin unguwanninsu aka hore su su riƙa shiga gidaje suna zantawa da 'yan'uwansu, su halarci suna, su bi sawun jarirai. Malamai suka jawo hujja daga abin da jama'a ta sani, kamar komawar Sayyidina Umar daga hanyar Sham sa'ad da ya ji labarin annoba. Waɗanda cutar ta naƙasa su ma suka shiga gaba, gama gani ya kori ji. Aikin bai rasa hadari ba, domin cikin Fabrairu 2013 an harbe masu rigakafi tara a Kano. Duk da haka, bayan waɗanda aka samu a Barno cikin 2016 ba a sake ganin asalin ƙwayar shan-inna mai yawo a gari a Nijeriya ba, kuma ran 25 ga Agusta 2020 aka tabbatar da cewa Afirka ta rabu da ita.

Abin da ya shafi malaman kwaleji

Daga wannan tarihi akwai abin da ya kamata masu tsara manhaja su duba. Ɗalibinmu da Turanci ya ke karatu, da Turanci ya ke jarrabawa, amma ran da ya kama aiki da Hausa zai yi magana da tsohuwar da ta hana a taɓa jikanta. In bai taɓa gwada bayyana yadda rigakafi ke aiki da harshensa ba a gaban malami, a ƙofar gidan mutane zai fara gwaji, can kuwa kuskure yana da tsada. Harshen kuwa bai gaza ba. Kalmar rigakafi kanta daga riga da kafi ta ke, watau a riga abokin gāba kafe gari, kuma babu Bahaushen da ke bukatar a fassara masa ita. Ya kamata a sa wa ɗalibi jarrabawa ta baki da Hausa, malami ya zama mai gida mai gardama, a ga ko zai iya faɗin gaskiyar zazzaɓi da kumburin da kan biyo bayan allura ba tare da ya ɓoye ko ya firgita mutane ba, a ga kuma ko ya iya saurare kafin ya amsa.

Nan ne aikin sashen Hausa ya haɗu da na makarantar lafiya. Sunayen cututtuka sun bambanta daga Sakkwato zuwa Kano zuwa Damagaram. Abin da wani ya kira ƙyanda wani baƙon dauro ya sani, kuma sunan shan-inna kansa yana ɗauke da wata fahimta game da asalin cutar wadda dole ma'aikaci ya san da ita kafin ya buɗe baki. Tattara waɗannan kalmomi, da daidaita su, da rubuta littattafan koyarwa a kansu, aiki ne da masu nazarin harshe za su iya, likita kuwa ba shi da lokacinsa. Har yanzu kuma akwai sauran dattawa da suka yi aikin lamba a shekarun 1960, da waɗanda suka yi jinyar masu agana. Ya kamata ɗalibanmu su je su ɗauki bayaninsu a rubuce tun suna raye, domin ɗaliban aikin lafiya na yau ba su taɓa ganin cutar ba, kuma iyayen da za su yi wa magana su ma haka.